Karatun Fiziks da Ilimin Taurari a Kazaure

Karatun fiziks a yankin Kazaure, arewa maso yammacin Jihar Jigawa, ya fi dogara ne a kan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. An kafa ta a shekarar 1991 a matsayin kwalejin jiha, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007. Sunan marigayi Sarkin Kazaure Hussaini Adamu ta ci.

A kwalejin, ana koyar da fiziks ne cikin kwas ɗin fasahar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, tare da kemistri da bayoloji. Ɗalibi kan yi shekara 2 ya samu ƙaramar difloma, ya yi shekara 1 yana koyon aiki, sannan ya koma neman babbar difloma. Masu kammalawa kan kama aiki a ɗakunan gwaji na makarantu da masana'antu, wasu su shiga harkar haɗa wutar sola. A 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, wadda ta rage wa 'yan Roni da Gwiwa nisan neman digiri.

Ilimin taurari kuwa sai an yi tafiya, domin fitacciyar cibiyar bincikensa a Najeriya tana Nsukka, ƙarƙashin hukumar NASRDA da aka kafa a 1999. Mutanen yankin sun fi saninsa ta wajen duban jinjirin watan azumi da na Sallah.