Shirin Doguwar Tafiya a Ƙasa: Darasi Daga Ayarin Fataken Gwanja

1.0 Gabatarwa

A wasu ƙasashe akwai dogayen hanyoyi da aka keɓe domin masu tafiya a ƙasa lokacin hutu. A Ingila akwai hanyar Pennine Way wadda aka buɗe a shekarar 1965, mai tsawon kilomita 430 da 'yan kai. A Amurka kuma akwai Appalachian Trail wadda aka kammala a shekarar 1937, mai tsawon kimanin kilomita 3,500. Bahaushe bai ɗauki doguwar tafiya a matsayin hutu ba, amma ya daɗe da ƙwarewa a kanta ta dalilin fatauci da aikin hajji da neman ilimi. Wannan darasi zai duba yadda ayarin fatake yake shirin tashi, domin a nuna cewa nasarar doguwar tafiya tana rataye ne a kan abin da aka tanada kafin a ɗaga ƙafa.

2.0 Hanyar Gwanja

Gwanja ƙasa ce da ke arewacin Gana ta yau, kuma babbar kasuwarta a ƙarni na 19 ita ce Salaga, inda ake kawo goro daga dazuzzukan Asante. Ɗaya daga cikin hanyoyin da fataken Kano suke bi takan ratsa Zariya da Birnin Gwari, a ƙetare kogin Kwara a wajen Yawuri ko Busa, sannan a bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, a sauka Salaga. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, zuwa da dawowa kan ci watanni da dama, wani lokaci har shekara guda. Fatake kan tafi da tufafi da kanwa da jemammun fatu, su komo da goro. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya ratsa Zariya a shekarar 1826, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama ta ƙasar Bargu, ya kuma ƙiyasta mutanensa, maza da mata, sun haura 1,000, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan sana'a.

3.0 Matakan Shiri

3.1 Zaɓen Lokaci

Ayari yakan tashi ne bayan ɗaukewar damina. Dalili kuwa shi ne, a lokacin koguna sun fara janyewa, hanya ta bushe, hatsi ya wadata a ƙauyuka, kuma akwai sauran ciyawar da dabbobi za su ci. Wanda ya yi jinkiri zai haɗu da zafin bazara da ƙarancin ruwa, ko kuma damina ta rutsa shi a hanya.

3.2 Shugabanci

Ba a yin wannan tafiya kara zube. Madugu shi ne uban tafiya. Shi ya san hanya, shi yake ganawa da sarakunan ƙasashen da za a ratsa, ya daidaita kuɗin da za a biya na wucewa da na fito. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Uban dawaki yana taimaka wa madugu wajen tara kuɗi da kula da tsarin tafiya. Akwai kuma malamin ayari, wanda yake riƙe rubutu da lissafi, ya ja salla, ya yi addu'a. Abin lura a nan shi ne, kowa ya san aikinsa tun ba a bar gida ba.

3.3 Guzuri da Kaya

Guzurin matafiyi shi ne abincin da ba ya saurin lalacewa kuma ba shi da nauyi, kamar garin gero da ƙuliƙuli da dakuwa da kilishi. Ruwa kuwa a salka ko a gora ake ɗaukarsa. Jaki yana buƙatar akumari domin kada kaya su yi masa miki, sannan a daidaita nauyin mangala ta kowane gefe. Mai ɗaukar kaya a ka yana buƙatar gammo, kowa kuma yana buƙatar takalmi da malfa da sanda. Kayan da aka ɗaure ba daidai ba a rana ta farko su ne suke gurgunta dabba a mako na biyu.

3.4 Sallama da Tashi

Tun da ba kowa ne yake dawowa ba, falke yakan biya bashi ko ya bayyana shi, ya bar wa iyali abinci, ya nemi gafarar iyaye da maƙwabta, ya yi sadaka. Ayari yakan haɗu ne a bayan gari, inda ake jiran masu zuwa daga ƙauyuka, a kuma sake duba kaya. Idan tafiya ta miƙa, akan tashi da asuba a sauka kafin rana ta take, domin dabbobi su yi kiwo, mutane su huta. Hausawa na cewa, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

4.0 Sauyin Zamani

Hanyar Gwanja ta fara rauni bayan Turawan Ingila sun ci Asante a shekarar 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a shekarar 1892. Isowar layin dogo Zariya da Kano a shekarar 1911 ta ƙarasa sauya al'amarin, domin goro ya koma zuwa ta jirgin ƙasa daga Ikko. Sabon Garin Zariya ya bunƙasa ne a kusa da tashar jirgin, wato a kan hanyar da ta gaji ta ayari. Duk da haka fatauci ya bar sawunsa a harshe. Kalmar zango tana nan a sunayen Zangon Aya da Zangon Katab, haka kuma a unguwannin Hausawa na Kumasi da Akara.

5.0 Amfanin Darasin ga Malami

Ɗalibin da yake hawa mota daga Samaru zuwa Sabon Gari kullum zai iya kammala sakandare bai taɓa ganin akumari ko salka ba. Idan malami ya tsaya ga rubuta ma'anar kalmomin a allo, za a haddace su a manta. Hanya mafi dacewa ita ce a mayar da aji ƙaramin ayari, a shirya gajeriyar tafiya a ƙasa, misali zuwa dutsen Kufena. A naɗa madugu da jagaba da mai riƙe lissafi daga cikin ɗalibai, su tsara guzuri da wuraren hutawa da kansu. Wajibi ne malami ya fara samun izinin hukumar makaranta da na iyaye, ya bi hanyar da kansa tukuna, ya tabbatar da tsaronta, ya kuma sanar da mai unguwar wurin da za a je, kamar yadda madugu ba ya shiga ƙasar wani sarki ba da sallama ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa shirin ayari ya ƙunshi zaɓen lokaci da rabon aiki da tanadin guzuri da sallamar iyali. Mai shirin bin hanyar yawon hutu a Turai da falken Gwanja manufarsu ta bambanta, amma tambayoyin da ke gabansu ɗaya ne: yaushe za a tashi, wa ya san hanya, me za a ɗauka, a ina za a kwana?

Auna Fahimta

1. Kawo muƙamai huɗu na ayari tare da aikin kowanne.
2. Me ya sa ayari yake tashi bayan damina?
3. Tsara darasin minti 40 a kan kalmomin fatauci ga ɗaliban ƙaramar sakandare.