Wadda Ta Juya Baya

Farantin tangaran ne, na tsinto shi wajen masu kayan gwanjo a kasuwar Sabon Gari. A tsakiyarsa zanen mata uku sanye da yadi shara-shara, sun sarƙe yatsu suna rawa cikin lambun lemo. Biyu ana ganin fuskokinsu, ta tsakiya kuwa ta ba mu baya.

Da na kai shi gida Fagge, Goggo ta ɗaga ta duba, nan take ta yanke hukunci: "Kishiyoyi ne. Wannan ɓata mata rai aka yi." Zuciyata ba ta kwanta ba. Ina aka taɓa ganin mai fushi riƙe da hannun kishiya tana taka rawa?

Na kifa farantin. A gindinsa an rubuta Firenze, wato birnin Florence na Italiya. Wannan ya kai ni ga mai zanen, Sandro Botticelli, wanda ya yi aikin wajen 1480. Asalin hoton yana gidan tarihi na Uffizi. To amma su wane ne matan?

Wata tsohuwar malamar makaranta a France Road ce ta warware mini. Tana gani ta yi murmushi: "Ɗana, duk wata Grace da ka ji ana kira a unguwar nan, tushen sunanta ɗaya da nasu." Romawa na ce musu Gratiae, Girkawa Kharites, allolin kyau da alheri a tatsuniyoyin Girka ta dā. Mawaƙi Hesiod, wajen 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce 'ya'yan Zeus ne da Eurynome: Aglaia ƙyalli, Euphrosyne farin ciki, Thalia yalwa. Ashe ciki ɗaya suka fito.

Saura juya bayan, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Seneca, masanin Rum, ya kawo fassarar cewa ɗaya na bayarwa, ɗaya na karɓa, ɗaya na ramawa, shi ya sa hannayensu ba sa rabuwa. Daga baya malami Servius ya ƙarasa zancen: wadda ta juya baya alherin da ya fita daga hannunka ne, biyun da ke fuskantarka shi ne ya dawo ninki biyu.

Na kwashe duka na faɗa wa Goggo. Ta ɗan yi jim.

"To ai biki ke nan. Na kai wa ƙawata ɗari biyar ranar suna, ta kawo mini dubu ranar auren autata."

Ta goge farantin da bakin zaninta, ta buɗe kabad, ta jingina shi a sahun gaba na jeren kwanukanta.