Tafiya a lokacin hunturu

Tafiya a lokacin hunturu ita ce doguwar tafiya, musamman ta ƙasa, da ake yi a watannin da iskar hunturu ke kaɗawa a ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel, wato daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. Tun a da, wannan ne lokacin da fatake da masu cin rani da almajirai suka fi fita, domin ruwan sama ya ɗauke, rafuka sun janye, an gama girbi, zafin bazara kuma bai iso ba. Sai dai lokacin yana da nasa haɗarin: hazo mai kauri da ke rufe hanya na 'yan kwanaki, da ɗarin asuba, da bushewar iska. Dabarar tsara irin wannan tafiya ita ce a kauce wa waɗannan 'yan kwanaki, kamar yadda masu yawon duwatsu a ƙasashen sanyi ke tsara tafiyarsu don kauce wa guguwar dusar ƙanƙara.

Kalmomi

Hausa tana bambanta abubuwan da ke cikin wannan yanayi da kalmomi daban-daban. Hunturu ita ce iskar kanta da kuma lokacinta. Ɗari shi ne sanyin da ke zuwa da bushewa, yayin da kalmar sanyi ta fi faɗi, domin ta haɗa har da na damina mai laima. Hazo shi ne ƙurar da ke rataye a sararin sama ta hana gani nesa. Turawa suna kiran iskar harmattan, kalmar da suka aro daga harsunan Akan na ƙasar Ghana.

A fagen tafiya kuwa akwai ayari, wato rukunin matafiya da dabbobinsu. Madugu, shugaban ayari. Jagaba, mai shiga gaba. Zango, wurin sauka a kwana. Da guzuri, abincin hanya. Ana danganta kalmar ayari da sunan ƙasar Ayar, wato Azbin, inda raƙuman gishiri suke fitowa.

Asalin hazo

Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara. Mafi yawan ƙurar da take kawowa arewacin Najeriya tana tashi daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kusa da garin Faya, sai kuma yankin Bilma a Nijar. Kwarin Bodele ƙasan wani tsohon babban tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Idan iska ta matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ƙarfinta yana ƙaruwa, sai ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Masana suna lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, har wani ɓangare na ƙurar yana tsallake tekun Atilantika zuwa Kudancin Amurka.

Abu biyu ne a nan suka shafi matafiyi. Na farko, hazo mai kauri ba ya ɗorewa tsawon hunturu. Yana zuwa ne kashi-kashi, yawanci na kwana 3 zuwa 5, wani lokaci ya fi haka, sannan gari ya washe. Na biyu, ƙurar tana ɗaukar kimanin kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta iso arewacin Najeriya daga inda ta tashi. Wannan tazara ce ke bai wa masu hasashen yanayi damar yin gargaɗi tun kafin ta iso.

A Sakkwato, a watannin Disamba da Janairu, zafin rana yakan kai digiri 30 ko sama da haka, amma da asuba yakan sauka zuwa wajen digiri 15, wasu ranaku ma ƙasa da haka, musamman a fadama da filin daji. Laimar iska kuma takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari.

Tarihi

Birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, an kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, ciki har da Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Kade da Ƙofar Taramniya. Ta irin waɗannan ƙofofi ne ayari ke shiga da fita, kuma har yau unguwannin da ke wuraren suna ɗauke da sunayensu.

Fataken goro da ke zuwa Gwanja sukan tashi bayan damina. Suna bi ta Jega da Yawuri, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Borgu har zuwa kasuwar Salaga da ke Ghana ta yau. Tafiyar tana cin watanni, don haka madugu yakan lissafa ranar tashi yadda ruwa ba zai tare su a hanya ba. Ayarin gishiri na Abzinawa shi ma yakan tashi daga wajen Agadas a Oktoba ko Nuwamba, ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya kai gero ya sayo gishiri da dabino, sannan ya gangaro kasuwannin Damagaram da Kano da Sakkwato a cikin hunturu. Raƙuman suna ɗauke da ciyawarsu, domin akwai kwanakin da ba ruwa ba kiwo.

A zamanin mulkin mallaka, lardin Sakkwato ya yi suna wajen cin rani. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, wadda ta nuna fiye da mutum 200,000 sun fita daga lardin neman aiki ko kasuwanci, kuma mafi yawansu da ƙafa suke tafiya.

Ɗaya daga cikin sanannun labaran ɗarin hunturu shi ne na Turawa biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, waɗanda suka tashi daga Kukawa ta Borno zuwa Kano a Disamban 1823. Clapperton ya rubuta cewa wata safiya sun tashi sun tarar ruwan da ke cikin ƙorai da salkunansu ya daskare. Oudney, wanda dama yana fama da ciwon ƙirji, jikinsa ya ƙara tsananta, ya rasu a kusa da Katagum a ranar 12 ga Janairu 1824. Clapperton ya ci gaba shi kaɗai, ya isa Kano, daga nan ya iso Sakkwato a watan Maris ya gana da Sarkin Musulmi Bello.

Zaɓen rana da hanya

Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen kwanaki uku da kuma gargaɗi na musamman idan hazo na tafe, ana kuma yaɗa su a rediyo da intanet. Ana auna kaurin hazo da nisan da ido ke iya gani. Idan nisan ya gaza mita 1,000, ana ɗaukarsa hazo mai kauri, kuma a nan ne ake jinkirta ko soke tashin jirage a filaye irin na Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato da na Malam Aminu Kano. Ko babu rediyo, akwai alamu: rana ta fito fara fat har a iya kallonta, bishiyoyin nesa su ɓace, iska ta tsananta da hantsi.

Wanda ya samu gargaɗi yana da zaɓi uku: ya tashi da wuri idan ya tabbata zai isa kafin hazon, ya jira ya wuce, ko ya gajarta hanya ya bi wadda ke da ƙauyuka kusa da juna. Jira shi ne mafi aminci, tun da kwanakin hazon ƙalilan ne. Saboda haka ake ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan lissafin tafiya, tare da guzurinsu, don kada ƙarancin lokaci ya tilasta wa mutum fita a ranar da bai kamata ba.

Alkiblar tafiya ma tana da tasiri. Misali, wanda ya tashi daga Ƙofar Rini zai je Wurno, inda kabarin Muhammadu Bello yake, arewa maso gabas ya nufa, wato iska da ƙura a fuskarsa za su riƙa bugawa. Wanda ya nufi Bodinga ko Argungu kuwa iskar tana bayansa. Mutum marar kaya mai nauyi yakan yi kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya, amma fuskantar iska da tafiya cikin rairayi suna rage wannan sosai, don haka zangon mai fuskantar iska ya kamata ya fi gajarta.

Kafin tashi, ana sanar da wani a gida hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran isa, a kuma tsayar da sharaɗin juyawa: idan an kai wani lokaci ba a isa wuri kaza ba, a koma ƙauye mafi kusa. A 'yan shekarun nan, matsalar tsaro a gabashin jihar Sakkwato da Zamfara ta sa tambayar mazauna wuri game da lafiyar hanya ta zama wajibi, kwanan daji kuma ya zama abin gudu.

Kaya da guzuri

Saboda bambancin asuba da tsakar rana, sutura bisa sutura ta fi riga guda mai kauri amfani, domin ana iya rage ta idan rana ta ɗaga. Rawani mai amawali, irin na Abzinawa, yana kare kai da kunne da hanci a lokaci guda. Takunkumi da tabarau suna yin wani ɓangare na wannan aiki. Wajen kwanciya, abin shimfiɗa yana da muhimmanci kamar abin rufa, domin ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki. Shi ya sa matafiyan da ba sa rabuwa da buzu ko tabarma tare da gwado.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rage shan ruwa. Busasshiyar iska tana shanye gumi tun bai fito fili ba, ɗari kuma yana ɓoye ƙishirwa, sai mutum ya bushe bai sani ba. Mai tafiyar yini yana buƙatar lita 3 zuwa 4 ko fiye, kuma ya san inda rijiya ta gaba take. Guzurin da aka saba da shi shi ne marar nauyi da ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, garin rogo, da garin fura ko tukuɗi. Man kaɗe ko basilin yana hana faso da tsagewar leɓe, wanda ga mai tafiyar ƙasa ba ƙaramin abu ba ne, domin faso mai zurfi yana iya tsayar da tafiya. Ana kuma tafiya da tocila, ashana, da waya mai cikakken caji a nannaɗe don ƙura.

Idan hazo ya tarar da mutum a hanya

Babban haɗari shi ne ɓatan hanya, domin alamomin da ake bi, kamar tsauni ko doguwar giginya ko hasumiyar masallaci, suna ɓacewa. Idan ana cikin rukuni, ba a rarrabuwa. Idan ba a ganin gaba, ana tsayawa a juya wa iska baya, a fake a jikin gini ko bishiya, a rufe hanci da baki har ta lafa. A gefen kwalta, ana nisantar titi, domin direba ba ya hango mai tafiya sai ya zo dab da shi.

Da dare, idan an samu masauki, ba a kwana da garwashi a ɗakin da aka toshe. Garwashi yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. A waje kuma, wutar jin ɗumi tana saurin kama busasshiyar ciyawa, don haka ana share wurin kafin a hura, a kashe kafin a tashi.

Lafiya

Ƙurar hunturu tana jawo mura, tari, haɓo da ciwon ido, tana kuma tayar da asma. Masu cutar sikila suna cikin haɗari na musamman, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar musu da ciwo. Idan ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum yakan yi makyarkyata, magana ta sarƙe, hankali ya rikice. Tsofaffi da yara da marasa lafiya ne suka fi saurin shiga wannan hali. Ana lulluɓe mutum, a raba shi da ƙasa mai sanyi, a ba shi abin sha mai ɗumi idan yana cikin hayyacinsa, a kai shi asibiti.

Sakkwato tana cikin yankin Afirka da cutar sanƙarau ke yawan ɓarkewa, daga Senegal zuwa Habasha, kuma lokacinta yana farawa ne da hunturu ya kai har bazara. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, an kuma sake samun ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato a 2017. Rigakafi da guje wa kwana cikin cunkoso su ne manyan matakan kariya.

Kwatanci da ƙasashen dusar ƙanƙara

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasar Hausa, amma ɗaliban da ke karatu a Rasha, Turkiyya, Kanada ko arewacin Amurka suna haɗuwa da ita. A can ma guguwar tana zuwa ne kashi-kashi, ana hasashenta kwanaki kafin ta iso, tana kuma rufe hanya har a kasa bambance sama da ƙasa. Bambancin shi ne dusar tana jiƙa sutura, sanyin yana sauka ƙasa da sifiri, kuma bayan guguwar ta wuce tarin dusar na iya zaftarowa daga kan dutse, don haka masu tafiya sukan ƙara jira ko da gari ya washe.

Misalin da aka fi ambata a tarihin Amurka shi ne ayarin Donner na 1846. Sun makara wajen tashi, suka bi wata sabuwar hanya da aka ce ta fi gajarta, dusar ƙanƙara ta tare su a duwatsun Sierra Nevada tsawon watanni. Cikin mutum 87, 48 ne suka tsira. Lissafin ranar tashi da bin sananniyar hanya, waɗanda suka yi sakaci da su, su ne manyan ayyukan madugu a ayarin fatake.