Tsohuwar Taswira Ba Ta Yi Ƙarya Ba, a Duba Shekararta

Tun da taswira ta shiga waya ake ta yaɗa cewa tsofaffin taswirorin takarda sun gama yayi, wai ma cike suke da kurakurai. Hujjar masu wannan magana ita ce sukan ga an zana gari ko layin dogo a inda yau babu komai sai ciyawa. Gaggawa ce ta hana su duba shekarar da aka buga a gefen takardar.

A dubi Sherman, wani gari a tsaunukan jihar Wyoming ta Amurka, ƙasar masu kiwon shanu, tsakanin Cheyenne da Laramie. A 1868 kamfanin Union Pacific ya kawo layin dogo nan, a tudun da ya kai kusan mita 2,500, kuma babu inda ya fi shi tsawo a duk hanyar da ta ratsa nahiyar. A 1901 aka karkatar da layin zuwa kudu don jiragen ƙasa su samu sauƙin hawa, garin kuwa ya watse. Dalar dutsen da aka kammala a 1882 don tunawa da wasu 'yan'uwa biyu na gidan Ames tana nan tsaye har yau. Taswirar da ta nuna jirgi na bi ta Sherman gaskiyar zamaninta ta faɗa.

Dalilin ƙaurar ma yana jikin takardar, cikin layukan nan masu launin ruwan ƙasa da suke ruɗa mutane. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne, kamar shatar da ruwan kududdufi ke bari a gefe idan yana janyewa da rani. Inda layukan suka cunkushe, hawa ne mai tsanani. Inda suka ware, ƙasa ta kwanta. Jirgin ƙasa ba ya son hawa, shi ya sa yake zagaye. Makiyayi kuma shuɗin launi yake nema, domin nan ruwa yake.

Hukumar safiyon Amurka, USGS, ta fara zana irin waɗannan taswirori a 1884, kuma a 2011 ta soma zuba tsofaffin taswirorinta a intanet kyauta. Mu kuwa a ƙasarmu kullum gardamar inda burtali ya bi ake yi, alhali tsofaffin takardun safiyo suna kulle a ofisoshi. A fito da su kowa ya gani, tun kafin gara ta riga mu.