Gidanka ne, amma mai gadi ya tare motar yashinka

Yau maganar gyaran gida za mu yi.

A ce ka sayi gida a ɗaya daga cikin rukunin gidajen Lokogoma ko Lugbe a Abuja. Ka tara kuɗi za ka sauya tayil, ka ƙara ɗaki. Motar yashi ta iso bakin get, sai mai gadi ya ce ba shiga har sai ka biya kamfanin da ke kula da rukunin "kuɗin gyara". To, wane kuɗi ne wannan?

Kuɗi iri uku ake cakuɗa wa mutane. Na farko kuɗin hidima, wato sabis caji, na tsaro da kwashe shara da fitilun titi. Wannan kana biya ko kana gyara ko ba ka yi. Na biyu kuɗin ajiya, saboda ko motarka ta fasa kwalbati ko leburorinka su bar ɓaraguzai a hanya. Idan ba ka ɓata komai ba, naka ne, a dawo maka da shi. Na uku kuɗin izinin gwamnati. Ƙara ɗaki ko ɗora bene yana buƙatar amincewar sashen Development Control a Abuja, a Kano kuma hukumar KNUPDA. Manajan rukuni ba shi da hurumin ba da wannan izinin, ko da ya karɓi kuɗinka.

Shi kamfanin daga ina ya samo ikon karɓa? Daga yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar saye, da dokokin ƙungiyar mazauna. Shi ya sa tambayarka ta farko ita ce: a wane shafi aka rubuta wannan kuɗin? Ta biyu: za a dawo da shi, kuma yaushe? Sannan ka biya ta asusun banki, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton titi da kwalbati kafin a fara aiki.

Neman lissafi ba rashin kunya ba ne. A Legas, dokar haya ta 2011 ta ce a ba ɗan haya rasit daban na kuɗin hidima, da rubutaccen lissafi aƙalla duk wata 6. Idan ɗan haya ya samu haka, ina ga mai gida?

Amma gaskiya ɗaya ce, maƙwabci ma yana da haƙƙi. Fasa bango da tsakar dare ko toshe magudanar ruwa ba 'yanci ba ne. Kuma kada ka yi faɗa da mai gadi, umarni aka ba shi. Ka rubuta ƙorafi ga ƙungiyar mazauna. Idan abin ya ci tura, akwai hukumar kare masu saye ta FCCPC, akwai lauya.

An taɓa riƙe muku kuɗin ajiya? Ku faɗa mana yadda kuka ƙare. Sai mun haɗu a shiri na gaba.