MAGANIN TSINKA JINI DA KATSEWAR SAƘON ZUCIYA

Masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. Haka abin yake ga magungunan tsinka jini, waɗanda likitoci ke ɗora mutum a kansu bayan jijiyar zuciyarsa ta toshe, domin kada jini ya sake yin gudaji a cikinta. Illarsu da kowa ya sani ita ce zubar jini. Amma akwai ɗaya daga cikinsu, watau tikagirelo, wanda ake sayarwa da sunan Brilinta ko Brilique, da yakan taɓa bugun zuciyar kanta.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Wani saƙon lantarki ne ke tasowa daga sama, ya bi ta wata mahaɗa a tsakiya, sa'an nan ya isa ɗakunan ƙasa, su matsa, su tura jini cikin jiki. A wurin baligi mai lafiya hakan na faruwa sau 60 zuwa 100 a minti guda. Idan saƙon ya tsaya ɗungurungum a mahaɗar, sai ɗakunan ƙasa su riƙa bugawa da kansu, sau 40 ko ƙasa da haka. Wannan shi ne mataki na uku na katsewar saƙo, mafi muni, domin jinin da ke isa ƙwaƙwalwa yakan kasa, har mutum ya yanke jiki ya faɗi.

To, ina ruwan maganin jini da wannan saƙo? Aikin tikagirelo shi ne hana ƙananan ƙwayoyin jini mannewa da juna. Sai dai kuma yana hana jajayen ƙwayoyin jini shanye wani sinadari na jiki mai suna adinosin, sai ya taru, alhali kuwa adinosin yana rage gudun saƙo a mahaɗar. Wannan ne dalilin da masana suka fi rinjayarwa. Asfirin da wafarin ba a san su da wannan hali ba.

Kamfanin AstraZeneca ne ya yi maganin, aka amince da shi a Turai a 2010, a Amurka kuma a 2011. Kafin nan an gwada shi a kan majinyata 18,624 a wani bincike mai suna PLATO, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2009. Cikin shekara guda, kashi 9.8 cikin ɗari na masu shansa ne suka mutu ta dalilin ciwon zuciya da jijiyoyi, ko jijiyar ta sake toshewa, ko suka samu shanyewar jiki, alhali masu shan tsohon maganin nan Plavix sun kai kashi 11.7. Ashe ke nan magani ne mai ceton rai.

Amma da aka ɗaura wa kusan mutum 3,000 daga cikinsu na'urar da ke rubuta bugun zuciya dare da rana, sai aka ga a makon farko zuciyar kashi 5.8 na masu shan tikagirelo takan dakata daƙiƙa uku ko fiye, masu shan Plavix kuwa kashi 3.6. Galibinsu ba su ma san an yi ba, bayan wata guda kuma bambancin ya kusa gushewa. Cikakkiyar katsewa abu ce da ba safai ake ganinta ba, an san ta ne daga rahotannin likitoci a kan ɗaiɗaikun majinyata bayan maganin ya shiga kasuwa. Waɗanda ya kamata a fi sa wa ido su ne masu raunin saƙon zuciya tun asali, da masu haɗa shi da magungunan da ke rage gudun zuciya, irin su atenolol da digoksin.

Saboda haka duk mai shan wannan magani, ko mai jinyar mai shansa, ya koyi ƙirga bugun jijiya a wuyan hannu na tsawon minti guda. In bugun ya yi ƙasa ƙwarai, ga jiri, ko kasala mai tsanani, ko suma, to a garzaya asibiti nan take a yi awon ECG, a tafi da kwalayen magungunan duka. Likita yakan musanya maganin da wani, sau da yawa bugun ya dawo daidai. Wani lokaci kuma sai an sa na'urar daidaita bugu, ta wucin gadi ko ta dindindin.

Abin da ba a so shi ne mutum ya bar shan maganin bisa raɗin kansa, musamman wanda aka saka wa ɗan bututun waya a jijiyar zuciya, domin jini na iya daskarewa a cikin bututun, rai ya salwanta. Gudun gara kada a faɗa gidan zago. Allah Ya ba mu lafiya, amin.