Ido Ba Shi Kaɗai Ke Gani Ba



Bahaushe ya bambanta gani da kallo da dubawa, amma duka ya jingina su ga ido. Masana ƙwaƙwalwa kuwa sun tabbatar cewa ido ƙofa ce kurum. Haske kan faɗa kan tantanin da ke ƙuryar ido, jijiya ta kai saƙon sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, a can ne ake gani. Shi kuma wannan sashe koyon aikinsa yake yi.

A 1963 David Hubel da Torsten Wiesel na Jami'ar Harvard a Amurka suka bayyana abin da suka samu bayan sun rufe wa 'yan kyanwa jarirai ido ɗaya na watanni. Da aka buɗe, idon lafiya lau yake, amma ba ya gani, domin ɗaya idon ya mamaye gurbinsa a ƙwaƙwalwa. Manyan kyanwoyi kuwa rufewar ba ta makantar da su ba. An ba malaman nan lambar Nobel a 1981.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Richard Held da Alan Hein, shi ma a 1963. 'Yan kyanwa biyu ne suke ganin abu iri ɗaya, ɗaya tana tafiya da ƙafarta, ɗaya ana jan ta cikin kwando. Ta cikin kwandon ba ta iya auna zurfi ba, ba ta kuma iya miƙa ƙafa daidai ba. Ashe gani da motsi tare suke girma. Ku dubi mata suna lugude a ƙauyukan Tsanyawa: mace ta cilla taɓarya, ta tafa, ta cafe. Saƙon ido ba ya da saurin da zai bi taɓaryar daki-daki, ƙwaƙwalwa ce ke hasashen inda za ta sauko, da abin da ta koya tun ƙuruciya.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Idan aka haifi yaro da yanar ido, sau da yawa akan ce a bari ya yi wayo. Wannan jira shi ne ɓarnar, domin in lokacin koyon ya wuce, ko an cire yanar ganin ba ya dawowa sosai. Likitoci sun fi son yin aikin cikin makonnin farko. Harara-garke ma maganinsa ya fi ci kafin shekara 7. Malamin makaranta ko jami'in lafiyar da ya ga fari a ƙwayar idon yaro, ya matsa a kai shi Kano, inda Asibitin Ido na ECWA yake aiki tun 1943.